Ɗiyan Barsu a Ramin Kaka

Aba, watan Janairu.

Zuwa ga bawana Attahiru,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da matarka Sabuwa da yara da jikoki da duk mutanen Sisawa. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar nan da ke taɓa ni in na daɗe a tsaye. Likita ya ce sukari ne, ya hana ni shayi mai zaƙi. Yaron da bai kai Khalid ɗana ba, wai shi zai koya mini abin da zan sha.

Na so in buga waya, sai na tuna injinan ban-ruwa na Goronyo sun cinye maka kunne. Ba zan tsaya tsakiyar kasuwa ina ihu mutane na kallona ba. Shi ya sa na ba Sale direbana wannan takarda, tunda motar tana komawa lodin albasa.

Sale ne ya ba ni labari yana kwance igiya, kamar ba wani abu ba: wai Barsu ta haihu, har shida. Attahiru, barin ciniki na yi na shiga ofis na zauna. Ka san ita kaɗai ta rage cikin jinin karnukan Kaka Iliyasu, kuma ta tsufa. Na ɗauka ta gama. Wannan haihuwa ita ce ta ƙarshe, ko ba a faɗa ba.

To ga abin da nake so. Ka share ramin Kaka na gindin tsamiya, ka sa su ciki yadda aka saba. Uwar ta riƙa tsallakawa tana ba su nono tana fita. Kada kowa ya ɗauko su da hannu. Ka tuna dokar tsoho: kwikwiyon da bai hau bakin rami da ƙafarsa ba, ba a sa masa suna, ba a fita farauta da shi, karen bola ne. Duk karen da ya yi suna a gidanmu daga ramin nan ya fito. Dunna, da ya kayar da gada shi kaɗai a dajin Gandi. Sunsani, wadda mutanen Rabah sunka zo da tumaki don su saye ta, Kaka ya ba su ruwa sunka sha, ya raka su bakin hanya.

Ka tuna yadda muke kwanciya rub da ciki a bakin ramin, ni da kai, ɗiyan tsamiya na faɗo mana a ka, kowa ya zaɓi nasa yana masa kirari? Naka kullum shi ne ragon. Ranar da na farko ya fito, Kaka zai ɗaga masa kunne ya faɗa masa sunansa, ya ba shi hanta gasasshiya, mu kuma mu samu gefen. Na ci abinci a otal-otal na Legas da Fatakwal, ban sake jin ɗanɗanon hantar nan ba.

Na san yanzu babu farauta, daji ya zama na waɗanda ba mu son ambata. Amma jini jini ne. Na zo garin nan da jaka ɗaya da takardar sakandare da ba ta gama cika ba. Yau motoci na yawo da sunana a goshi, na gina bene, kuma babu wanda ya ɗaga ni. Da ƙafata na hau. A bakin ramin nan na koyi haka, ba a aji ba.

Gidan Kaka da na bar maka ka zauna, ban taɓa roƙonka komai a kansa ba. Wannan kaɗai. Kuma kada ka ce ba ka ji ba, a rubuce take. Kakarka Adama ƙanwar Kaka ce, don haka bawa kake har abada.

Ubangidanka ko ka ƙi,
Alhaji Halliru Sisawa.

*

Sisawa, ƙarshen Janairu.

Zuwa ga Halliru mai kan tulu,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Takardarka ta iso, munka karanta, Sabuwa tay yi dariya tac ce tun da anka hana ka sukari ko magana taka ta rage zaƙi. Muna lafiya. Kunne shina nan yadda kas san shi, in anka yi kiran salla sai an taɓa ni. Albasa ta yi kyau bana, alhamdu lillahi, har rudu guda, rumbun ajiyar albasa, ba shi ɗaukar ta, ina neman wurin da zan kafa na biyu kafin a fara cira.

Na yi yadda kac ce. Na share rami, na cire saiwoyi, na sa su. Ina yayyafa ruwa ƙasa safe da marece don sanyi, awa yadda Kaka ka yi. Barsu da kanta tat tsallaka ciki, ba wanda yan nuna mata. Ganin haka sai da idona yay yi ruwa, ba ni ɓoye maka.

Amma Halliru, lafiyarsu ba ta gamshe ni ba. Cikinsu ya kumbura awa gora, ga haƙarƙari a waje kana ƙirgawa. Gashi ya bushe, ba shi sheƙi. Suna shan nono amma ba su ci gaba. Shekaranjiya nid duba kashinsu, sai ga tsutsa fara doguwa, awa taliyar da anka dafa, tana motsi. Wani baƙi mai farin wuya ma ta baki yah haras da ita.

Na jiƙa sassaƙen maɗaci na ɗura masu da cokali, don na tuna shi Kaka ka ba su. Sabuwa na tsaye kaina tana cewa, "Malam, wanga ɗaci ko jaki ya sha sai ya yi kuka, bale abin da bai kai tafin hannu ba." Nic ce ta koma madafa. Da safe ƙaramin cikinsu yam mutu. Ban sani ba ko tsutsa ta, ko maɗacina na. 

Isma'ila maƙwabcinmu ya kawo shawara, wai a ɓantari ƙwayar tsutsa ta shanu, babbar nan, a niƙa a ba su. Yac ce tumakinai da ita sunka tashi. Ban ba su ba sai na ji daga gare ka, tunda kai ad da karnukan, ni bawa na.

Saura biyar. Mi za a yi?

Naka,
Attahiru.

*

Aba, watan Fabrairu.

Bawana,

Na gaishe ka, na gaida Sabuwa, ka ce mata zaƙin bakina yana nan, ajiye shi na yi. Allah ya sa albarka a albasa. Ƙafa da sauƙi.

Ka ce wa Isma'ila ya riƙe ƙwayarsa. Abin da aka yi don sa mai ƙaho shi za a ba ɗan kwikwiyo? Shi ya sa har yanzu da jaki yake zuwa kasuwa. Maɗaci ma ka bari. Kaka ya ba da shi ne don babu wani, da akwai da ya saya, tsoho ba ya ƙin abu mai kyau.

Wannan fanni na san shi. Ina da karen Turawa mai gadin sito, girmansa ya kai maraƙi, likitansa daban, katinsa daban. Na sha tsayawa ana masa magani, kuma ni in na tsaya wuri ba kallo kawai nake ba. Tsutsar nan da ka gani da ita ake haihuwarsu, daga uwa take, tun a ciki da kuma ta nono. Ba laifinka ba ne, ba maita ba ce, kada tsofaffin unguwa su fara. Maganinta na ruwa ne, ana ɗura shi da sirinji marar allura, kuma gwargwadon nauyin kowane ɗaya ake aunawa, ba da ido ba. Ba sau ɗaya ake yi a bari ba, ana maimaitawa duk mako biyu har su yi ƙwari. Uwar ma a ba ta nata, in ba haka ba aikin banza ne. Ka riƙa kwashe kashin kullum, ka wanke hannu da sabulu.

Ka hau babur ka je Wurno ofishin dabbobi, ka ɗauko ma'aikaci ya zo har gida. Ka ce Alhaji Halliru mai motocin albasa ne ya aiko ka. In sun yi kamar ba su sani ba, sababbi ne.

Wanda ya mutu, Allah ya ba mu haƙuri, amma kada ka sa shi a rai. Ko a zamanin Kaka ba duka ke fitowa ba. Rami tacewa yake yi, mai ƙarfi ya hau.

In ka shiga Wurno ka duba mini ko mai ƙosan nan ta kusa da hubbare tana nan, ko ɗiyarta. Can Kaka ke tsayawa da mu in munka dawo sayar da fatu, ya saya mana a ganye, kai ka cinye naka ka fara kallon nawa. Wani lokaci da rana tsaka a kasuwar nan sai in ji ƙamshin man nan, in waiwaya, babu kowa sai masu turin baro.

Ka rubuto da motar gaba.

Ubangidanka,
Alhaji Halliru.

*

Sisawa, tsakiyar Fabrairu.

Halliru,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, sai Rumaisa jikata da tay yi zazzaɓi, ta warke. An fara cirar albasa, kwana nika yi tsakanin nan da Goronyo.

Na tafi Wurno. Mai ƙosai ta rasu tun tuni, shagon cajin waya na wurin yanzu. A ofis na faɗi sunanka, sunka ce sababbi na su. Wadda anka haɗa ni da ita mace ta, Malama Mashkura, ba ta wuce sa'ar Bilkisu ɗiyata ba. Nic ce a raina an cuce ni. Ashe ba haka ba.

Taz zo bisa kabu-kabu da jakarta. Tac ce a kawo sikeli, munka ɗauko na albasa, tana sa su cikin kwano ɗaya ɗaya tana rubutawa. Unguwa duk ta taru, Isma'ila na cewa, "Yau ga kare bisa sikeli, nawa kilo, Malama?" Tac ce mashi, "Baba, kai ma in ka hau sai in auna maka naka." Anka yi ta dariya. Ta ɗura masu, ta ba Barsu nata. Na gaya mata ba a fitar da su, sai tat tuɓe takalmi tas sa na roba tash shiga ramin da kanta. Ban karya doka ba, sikelin munka miƙa mata ciki.

Washegari abin da yaf fito daga cikinsu, ba ni iya rubuta maka, kana cin abinci. Kwana kaɗan ciki yas sace, sunka fara kokawa da juna.

Amma ga inda magana take. Tun tana cikin rami tad damƙi ƙasa tas shinshina, tab buɗe bakin ɗaya tan nuna mani dasashi, fari fat awa auduga. Tac ce tsutsa iri biyu ta. Akwai doguwar da nig gani, akwai wata ƙarama da ido bai cika kama ta ba, mai shan jini, ita ka kashewa da sauri. Tac ce tana zaune cikin ƙasa mai laima da inuwa, tana shiga ta baki, tana shiga ta fatar ƙafa. Ƙwan doguwar kuma shina shekaru cikin ƙasa bai mutu ba. Tat tambaye ni shekara nawa ana renon kwikwiyo nan. Nic ce tun ba a haifi ubanta ba. Tac ce, "To Baba, ina ba su magani da safe, ƙasar ga na mayar masu da ciwo da marece. Ruwan da kaka yayyafawa, tsutsa kaka shayarwa."

Shawararta, a fitar da su a sa wuri busasshe mai siminti ko tabarmar da ana iya shanyawa, a tara kara cikin rami a ƙone, a cike shi da sabuwar ƙasa. Kuma a hana yara wasa wurin, don ƙwan na shiga mutum. Rumaisa kullum can take kwance rub da ciki, awa mu. Na hana ta, tana ta kuka.

Ban taɓa komi ba. Rami na kakanka na, gida naka na. Amma in da ni ad da iko, gobe zan cike shi, wurin ya huta, mu ma mu huta. Ka ba ni izini.

Attahiru.

*

Aba, ƙarshen Fabrairu.

Attahiru,

Na samu takardarka. Ina fata kowa lafiya, Allah ya ƙara wa Rumaisa sauƙi.

Na karanta sau biyu, sannan na ɗauko ta farko na haɗa, sai na gane. A ta farko kana neman wurin kafa rudu. A ta biyu rami ya zama guba, a cike shi "wurin ya huta". Gindin tsamiya, ga inuwa, ga iska, ga shi kusa da ƙofa inda mota za ta tsaya. Ni ɗan kasuwa ne, Attahiru, da irin wannan lissafi na ci abinci. In fili kake so ka ce fili kake so. Da na ba ka bayan gida duka. Ba sai ka ɗauko yarinya da jaka ta zo ta shinshina ƙasar kakana ba.

Ramin da ya fitar da Dunna shi ne yau mai kisa? Mu da munka yi ƙuruciya kwance a bakinsa, muna cin tsamiyar da ta faɗi ciki, ga mu da furfura. Maganin ya yi aiki, kai da kanka ka ce suna kokawa. To a ci gaba da shi. Ka daina yayyafa ruwan in shi ne matsala, ka zuba yashi. Yara a hana su, wannan na yarda. Amma kwikwiyo ba ya fita sai da ƙafarsa, rami kuma ba a cike shi ina da rai.

Ka san mi ya rage mini a garin nan? Kaka ya tafi, Baba ya tafi, Inna ta tafi. Ɗakunan ƙasa na rushe su da kaina na yi na bulo. Rijiya ta ƙafe. Gonar fadama an raba. In na rufe ido a nan ina son ganin gida, ba bulo nake gani ba, tsamiya nake gani da ramin nan. Shi kake so ka ɗora wa albasa.

Ban ba da izini ba.

Alhaji Halliru Sisawa.

*

Aba, watan Maris.

Attahiru,

Gaisuwa. Ina fata lafiya.

Mota ta je ta dawo, ta sake zuwa ta dawo, babu takarda. Na tambayi Sale, ya ce ya ba ka tawa hannu da hannu, ka karanta a tsaye, ka ninke ka sa aljihu, ka ce a gaishe ni. Na ce kwiyakwiyan fa? Ya ce shi lodi ya kai shi, bai leƙa ba. Na kusa korarsa.

In fushi kake, tun muna yara ka san bakina. Ranar da na ce karenka ya yi kama da kai, kwana biyu ka yi ba ka kula ni ba, a na uku ka zo da goruba. Yanzu mun tsufa, kwanakin ba su da yawa da za a riƙa zubarwa haka.

Ban ce na janye magana ba. Tambaya nake: suna nan? Sun fara gwada hawa? Baƙin nan mai farin wuya, ina jin shi zai fara fita, irin ƙirar Dunna gare shi yadda ka kwatanta. Na riga na tanadi suna.

Ka rubuto ko layi biyu ne.

Halliru.

*

Sisawa, ƙarshen Maris.

Zuwa ga Alhaji Halliru,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, muna fatan Alhaji na lafiya da iyali.

Rudu na biyu na kafa shi tun kafin takardarka ta zo, a gonar Goronyo, bakin hanya. Sale ya yi lodi gabanai har sau biyu, ana iya tambayarshi. Shekarun da niy yi gidan ga ko ƙusa ban kafa ba sai na aika maka. Wannan ke nan, ba ni sake magana kanta.

Ban rubuto ba don ban san yadda zan fara ba. Kullum sai in ce bari in ga gobe.

Na yi yadda kac ce. Na bar yayyafi, na zuba yashi, Malama ta dawo ta maimaita magani kan lokaci. Tag ga suna ciki, ba ta yi faɗa ba, tac ce dai, "Baba, tsamiya ba ta barin ƙasar ga ta bushe." Sunka yi kyau kwana kaɗan, sai kashi yak koma baƙi awa kwalta, sai kwanciya. Ja guda tat tafi. Bayanta mai tabon ido. Baƙin mai farin wuya shi yaf fi su ƙarfi, gaskiyarka. Ya gwada hawa, na gani da idona, ya kai rabi yaz zamo. Ya sake, yaz zamo. Washegari can nis same shi gindin bango, ƙafafun gaba a miƙe. Ka riƙe sunan da kat tanada.

Akwai abin da ba ka sani ba. Tun ranar da Malama taf fara zuwa, akwai wata 'yar mace mai ruwan ƙasa da ko tsayuwa ba ta yi. Ina Goronyo, Sabuwa tas sa hannu taɗ ɗauko ta, tas sa ta cikin kwando bakin madafa bisa tsohon buhu. Da nid dawo niy yi faɗa, tac ce, "Dokar Kaka ta maza ta, ni ba a taɓa karanta mani ita ba. Wagga ai kun riga kun ba mutuwa ita, to na roƙa." Na ƙyale, don na ɗauka ba ta kwana. Magani guda sunka sha da na rami, rana guda. Yau ita ka korar kaji, ta cinye ma Isma'ila takalmi ƙafa guda. Dasashinta ja wur. Barsu can taka kwana wurinta. Ba ta da suna, Rumaisa na ce mata "ke".

Kana tuna waɗanda sunka fito, Halliru. Ni ma ina tuna su. Amma ka tuna wa Kaka ka aikawa da waɗanda ba su fito ba? Ni da kai, cikin tsohon taiki, bayan darni. In anka haifi bakwai, biyu ka hawa, wata shekara ɗaya. Muna cewa rami ya tace. Lokacin akwai karya huɗu gidan ga, in wagga ta yi hasara waccan ta cike. Yanzu Barsu ta guda, haƙoranta sun zube.

Saura ɗaya cikin rami, namiji, fari. Shina shan ɗan kunu in na miƙa mashi, amma ya bar ɗaga kai in an yi motsi sama. Malama tac ce in ya fita cikin kwanakin ga tana da fata, tana da maganin ƙarin jini. In bai fita ba, kada a sake kiranta don shi.

Na iya sa hannu in ɗauko shi, ba nauyi gare shi ba. Amma an riga an ce ina son fili. Gidanka na. Ina jira.

Attahiru.

*

Aba, watan Afrilu.

Attahiru ɗan'uwana,

Gaisuwa mai yawa. Kafin wannan ta iso ka riga ka ji, amma ina so ka gani da rubutuna.

Sale ya miƙo mini takardarka da hantsi, ana sauke kaya. Ban jira motar komawa ba. Na karɓi lambar Sabuwa a wurinsa, na buga a nan tsakiyar kasuwa, na yi ihun da na ce ba zan yi ba, kowa na kallona. Ta ce kana Goronyo. Na ce, "Sabuwa, a fito da shi." Ta ce, "Wa ka magana?" Ta sani sarai. Na ce Alhaji ne. Ta ce, "Alhaji, da hannu ko da ƙafa?" Na ce da hannu. Ta ce to in riƙe waya kada in kashe.

Ba ta kashe ba, ta tafi da ita. Na ji takunta a tsakar gida. Na ji ƙofar langa-langar nan, na ji kaji, na ji wata na daka a gidan Isma'ila. Sai na ji kurciyoyin tsamiya. Attahiru, suna nan ashe. Shekara goma sha wani abu ban ji gidanmu ba, ina ta aiko da bulo da kwano. Sannan na ji nishinta tana sauka, na ji ɗan kuka siriri, ta ce, "Ga shi, ya fito." Yaran shago sun ce wai na zauna a kan buhun albasa. Ban tuna ba.

Na sake bugawa yau. Ta ce Malama ta zo, ya sha magani, ya lashi kunu da ɗan ƙwai, ya yi wa 'yar'uwarsa gurnani. Ka yi wa Malama godiya, ka ce in ji ni aikinta ya yi. Ku ci gaba da maganin har lokacin da ta ce a tsaya, kada a tsallake ko ɗaya.

Maganar rudu, Sale ya ce tun tuni yana ganinsa a bakin hanya. Na ce don mi bai faɗa ba? Ya ce ban tambaya ba. Ka bar wannan magana a inda ka bar ta, ni ma na bar ta.

Suna kuwa, a sa musu, su biyun. Doka ta Kaka ce, ni ne magajinsa, na duba na ga ta gama aikinta. Duk wanda ya ce musu karnukan bola ya zo ya same ni. Ka sayi hanta.

Ramin, ku tara kara ku ƙone yadda ta ce, ku kewaye shi da ƙaya saboda yara. Amma kada ka sa lebura ya cike shi, kada ka bar Isma'ila ya zuba ko tafi ɗaya. Motar da za ta zo bayan wannan ina cikinta, gaba kusa da Sale, ƙafa ta yi abin da za ta yi. Ba na son tarya, ba na son a yanka komai. A kawo jar ƙasa daga tudu a jibge gindin tsamiya.

Ka nemo shebur biyu.

Naka,
Halliru.